Abin da littafin rajistar 'yan agaji ya koya mini game da riƙe mutane

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin rajista a wani reshe na 'yan agaji ya san samun sababbin mutane ba shi ne wahala ba. Bari watan Maulidi ya kama, ko a fara tafsirin azumi, samari su ga 'yan uwansu cikin kaki da bel da hula, kwamanda na busa usur ana fareti, kafin sati ya zagayo an cika ƙofar ofis ana neman fom. Na yi shekaru ina sakatare a reshen unguwarmu a Kano, ban taɓa ganin shekarar da muka rasa masu shiga ba. Inda abin yake ci mini rai shi ne watannin da hidima ta lafa, kamar Muharram da Safar bayan alhazai sun dawo, ko Jimada da Rajab bayan an gama Maulidi da Maukibi. A lokacin ne zan buɗe littafi in kira suna, in ji shiru, in kira na gaba, shi ma shiru.

Aikin da muka gada ba ƙarami ba ne. Jama'atu Nasril Islam an kafa ta a Kaduna a 1962 zamanin Sardauna, Fityanul Islam ta taso a Kano a 1963 ta hannun Shehu Mudi Salga, Izala kuma a Jos a 1978, kuma kowace tana da rundunar agajinta. Kakin ya bambanta, fahimta ta bambanta, amma in ka je filin idi, ko sansanin alhazai, ko maƙabarta, ko bakin asibiti, aikin iri ɗaya ne: daidaita sahu, raba maza da mata a cunkoso, ɗaukar wanda ya faɗi, riƙe hannun tsohuwa, haƙa kabari. Na tattauna da sakatarori daga ɓangarorin nan duka, kuma kukanmu ɗaya ne. Ana shiga ta ƙofar gaba da yawa, ana sulalewa ta baya ba sallama.

Abin da na fahimta shi ne, watannin farko su ne suke yanke hukunci. Sabon shiga yana zuwa da ɗoki, ya koyi fareti, ya koyi ɗaure rauni da yadda ake kwantar da wanda ya suma, sannan a ajiye shi a layin baya yana kallon manya suna magana. Ba wanda ya wulaƙanta shi, amma kuma ba abin da zai lalace in bai zo ba, shi ma ya san haka.

Akwai wani tela, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, da ya shigo mana da zafinsa har kakinsa da kansa ya ɗinka. Sai ya fara tsallake taro, daga baya ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Dattijon da ya fi kowa daɗewa a reshen ya ce in raka shi shagon yaron. Muka same shi a kan keke, tef a wuya, ya miƙe a daburce yana neman inda zai zaunar da mu. Dattijon bai tambaye shi dalilin rashin zuwansa ba ko kaɗan. Ya zauna a benci, ya tambayi jikin mahaifiyarsa, ya ɗauki wata riga da ke rataye ya duba ɗinkin, sannan ya ce, "Ɗana, akwai yaran da za a yi wa kaki kafin azumi, kuma ba mu da wanda ya san yadi kamarka. Za ka riƙe mana wannan?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wallahi na zaci ba a ma san na daina zuwa ba."

Maganar nan tasa ban manta da ita ba, domin ita ce amsar da yawancin waɗanda suka tafi za su bayar da an je an same su. Yau shi ke kula da kayan reshe, daga kaki har igiya da gadon ɗaukar marar lafiya, kuma ko ruwa ake yi sai ya zo, saboda makullin sito yana aljihunsa.

Daga nan muka tsara cewa duk wanda ya kawo mutum, shi zai riƙa bibiyarsa shekara guda. In sabon shiga ya rasa taro biyu a jere, wanda ya kawo shi zai taka har gida ko wurin sana'arsa. Saƙon WhatsApp yana da amfani wajen sanar da lokaci da wuri, amma mutumin da zuciyarsa ta fara sanyi yakan karanta ne kawai ya ajiye waya. Hausawa sun riga sun faɗa, zumunta a ƙafa take. Haka nan in an yi wa ɗan uwa haihuwa, ko rasuwa, ko an kwantar da wani nasa, mu je cikin kayan gida, mu zauna, ba mu leƙa mu wuce ba. Ba zai yiwu muna haƙa kabarin wanda ba mu sani ba, mu kasa zaman makokin mahaifin ɗan uwanmu.

Sai maganar kuɗi, wadda ake jin nauyin faɗa. Kuɗin wata ba shi da yawa, amma in ya taru wata uku a kan mai tura baro ko ɗan makaranta, kunya ce za ta hana shi zuwa, ba rashin so ba. Na ga rassan da ake karanta sunayen masu bashi a bainar jama'a, wai don a zaburar da su. Ban taɓa ganin wanda hakan ya dawo da shi ba. A wurinmu ma'aji kan ja mutum gefe, in babu hali a yafe, a wuce wurin. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin A Daidaita Sahu kaɗai ya isa ya hana wasu fitowa, dole muka dawo da taro masallacin da kowa zai iya takowa da ƙafa, bayan Isha'i, lokacin da 'yan kasuwa sun tashi. A ɗaya gefen kuma, ma'aji yana karanta abin da ya shigo da abin da ya fita kowane wata, har kuɗin ruwan leda. Ƙungiyar da ba a bayanin kuɗi, mutanen kirki ne suke fara barinta, kuma ba sa faɗin dalili.

Akwai kuma abin da ake gaya wa mutum ranar da zai shiga. Wasu suna zuwa ne don sun ji ana ba 'yan agaji kujerar Makka, ko ana samun ihsani a wurin manya. Ana samu, amma kaɗan ne ƙwarai, kuma wani zai shekara ashirin bai gani ba. Gara a faɗa masa tun a bakin ƙofa cewa aikin nan tsayuwa ce a rana, wani lokaci da zagi daga wanda kake ƙoƙarin taimaka wa, ladan kuma a wurin Allah. Wanda ya ji haka ya sa hannu, da wuya ya gudu. Shekarun 2020 da 2021, da korona ta hana maniyyatanmu tafiya aikin Hajji, sun nuna mana su wane ne suka shigo don aikin.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Ƙungiyar Rotary ta masu aikin taimakon al'umma, wadda reshenta na farko a Najeriya a Kano aka buɗe shi a 1961, ta daɗe tana tsaye a wajen mutum miliyan 1.2 a duniya, alhali kowace shekara tana karɓar sababbi masu yawa. Su da suke da kuɗi da ofisoshi ke nan, balle mu da muke tara naira ɗari-ɗari.

Abin da har yanzu ba mu warware ba shi ne muƙami. Ina girmama dattawanmu, su suka riƙe aikin nan lokacin da ba kowa, kuma wasunsu sun fi mu sanin kowane gida a unguwa. Amma saurayin da ya yi shekara goma yana ɗaukar makara, ya yi aure, ya zama maigida, ba zai ci gaba da zama ɗan aike har abada ba. Irin waɗannan ne muke asara mafi ciwo, domin horarru ne, kuma in sun tafi sukan tafi da abokansu. Na kawo shawarar a sa wa'adi ga kwamanda da sakatare da ma'aji, wanda ya sauka ya koma majalisar dattawa a riƙa neman shawararsa. An karɓa a kan sakatare da ma'aji, kuma tuni na fara nuna wa wanda zai gaje ni yadda ake riƙe littafin. Maganar kwamanda kuwa an ce a bar ta sai bayan Sallah, za a sake zama.