Pawa bank ɗin da ta kumbura ba ta shiga jirgi

Jiya ɗan ƙanwata yana haɗa jaka, wai ya samu aiki a jirgin masu nutso a Masar, sai naga ya cusa wata pawa bank da cikinta ya kumbura har murfin ya ɗage. Nace kai wannan fa? Yace kawu ai tana kawo wuta. Tana kawo wuta! Yaran yanzu in dai waya bata mutu ba to duniya lafiya lau.

Ban iya yi masa faɗa sosai ba don nawa yafi nasa muni. Na yi aiki a wani jirgi a Port Sudan kafin yaƙin 2023 ya kashe harkar, muna kai Turawa wuraren nutso na Bahar Maliya, Sanganeb da Sha'ab Rumi da wajen Umbria, jirgin Italiyan nan da aka nutsar a 1940. Kowane baƙo da tocilarsa ta ƙarƙashin ruwa da kyamara da fitilun kyamara, duk batirin litiyam, soket ɗin falo kuma baya isa. Sai na mayar da abin sana'a, in karɓi batiransu da dare in jona a ɗan ɗakina na ƙasa kan katifa, da safe su samu a cike su ɗan miƙo wani abu. To me zan yi? Albashin ba wani abin kirki, ga iyali, kuma wallahi babu wanda ya taɓa ce min kar ka yi, kyaftin ma ya sani ya kauda kai.

Wani baƙo ruwan teku ya shiga tocilarsa ya jiƙa batirin, yace in yar, ni kuma na shanya a rana na ajiye wa kaina, nace ai ya bushe. Ruwan gishiri ko ya bushe gishirin na nan yana cin cikinsa yana haɗa waya. Na jona shi da caja mai araha na kwanta. Huci na fara ji kamar gas na tsiyaya, sai wari, sai tartsatsi, katifa ta kama, hayaƙin nan kuwa guba ne, ya shaƙe ni. Allah ne ya sa kuku bai yi barci ba ya sheƙo ruwa bokiti bayan bokiti. Baƙi na kwance a ɗakunan da ke manne da nawa. Har yau wani sa'in ina cewa laifin cajar ne, amma ai ni na saye ta.

Sai da labarin Conception ya iso mana jikina ya yi sanyi da gaske. Jirgin masu nutso ne a Amurka, 2 ga Satumba 2019 kusa da tsibirin Santa Cruz a Kalifoniya, wuta ta tashi cikin dare mutum 34 suka mutu a ɗakin barci na ƙasa. Wurin da aka jera wayoyi da batira a caji na cikin abin da masu bincike suka zarga, abinda suka tabbatar kuwa shi ne babu mai gadin dare ko ɗaya a farke. A 2024 aka yanke wa kyaftin ɗin ɗaurin shekara 4.

Na so in rubuto muku shawarwari da yawa, amma ku da bakwa karanta abinda ya wuce layi uku. Kar ku yi caji kuna barci, kar a kan katifa ko ƙasan filo, kar a bakin ƙofar da za ku fita ta ciki. Na san nutson asuba na son batir a cike, to a jona da daren, amma kan ƙarfe kuma wani na zaune yana gani. Wanda ya kumbura ko ya faɗi ya lotse ko ya sha ruwan teku ya gama aiki, a ware shi a bokitin ƙarfe a sarari har a iso gaɓa. Kar ruwa ya taɓa batir, amma in ƙarami ya kama wuta ruwan ne dai mai yawa zai sanyaya shi, kuma a tsare shi don yana sake tashi. A jirgin sama ma pawa bank a jakar hannu ake riƙe ta, ba a sa ta cikin kayan awo, mai kumburi kuwa in ma'aikata sun gani ba za ta wuce ba.