Daga Akra zuwa Kumasi, wajen Goggo mai koko

Motar Kumasi da ke tashi daga tashar Circle sai ta cika take motsawa, saboda haka hantsi ya yi sosai kafin mu bar Akra. Muna wuce Achimota wani mai wa'azi ya miƙe a tsakiyar mota, ya yi addu'a da harshen Twi, ya ja aya, sannan ya zuge jakarsa ya shiga tallar maganin basir. Fasinjoji suka amsa da amin, wasu kuma suka sayi maganin.

Babana ne ya aike ni. Mu mutanen Wusasa ne ta Zariya, aure kuwa ya kai ƙanwarsa Kumasi tun ina yaro. Mijinta ya rasu, ba a jima ba gobara ta cinye shagonta na atamfa. Baba ya ce in je in gano masa halin da take ciki, in ta yarda in taho da ita gida.

Tafiyar wajen kilomita 250 ce. A Nsawam mata suka kewaye mota da burodi a ka, a Nkawkaw duwatsun Kwahu suka tokare sama daga hannun dama, daga nan sai Konongo, sai Ejisu. Abin da ya fi cika mini ido a hanya shi ne allunan talla na masu kiran kansu annabawa: mutum cikin farar kwat yana murmushi, a ƙasa an jera alkawarin biza, haihuwa, aure, arziki. Ni dai raina bai kwanta da su ba. Mai makoki in ya karanta irin wannan allo, sai ya ɗauka bangaskiyarsa ce ta gaza.

Na sauka a Asafo da la'asar, na hau adaidaita sahu zuwa Aboabo. Da shigarka zango ka dawo gida: kiran salla, ƙamshin tsire, yara suna faɗa da Hausa. Fataucin goro ne ya kawo kakanninmu wannan nahiya. Fatake daga Kano da Katsina suna zuwa Salaga da kanwa da tufafi, su koma da goron ƙasar Asante, bayan Turawa sun kama Kumasi a 1896 kuma Hausawa suka yi ta sauka a birnin kansa. Tsofaffin unguwar har yau suna ba da labarin 1969, lokacin da gwamnatin Firayim Ministan Ghana Busia ta kori baƙi marasa takarda, gidaje da yawa suka watse.

Gidan haya ne mai ɗakuna kewaye da tsakar gida, Goggo ce kaɗai Kirista a ciki. Na shirya kalmomin ta'aziyya tun daga Zariya, amma ba ta ba ni fili ba. Ta riƙe ni tana dariya, ta ce, "Ɗana, kai ne ka yi furfura haka? Zauna ka ci tuwo tukuna, gaisuwa ba ta gudu."

Kiran sallar farko ne agogonta. Da jin sa take tashi ta hura wuta, ta tace gasarar geron da ta kwana, wadda aka niƙa da citta da kanumfari da barkono, ta dama koko a wata babbar tukunya. Sai ta ɗauko ƙullun wake ta yi ta buga shi da ludayi har ya tashi, ta shiga tuyar ƙosai. Duk wannan aiki da waƙa take yin sa, waƙoƙin sujada na Hausa da muka tashi da su, a hankali don kada ta dami masu salla. Yatsunta biyu suna da tabon mai. Kafin gari ya waye sosai ta kafa tebur a ƙofar gida, 'yan makaranta da masu dako sun yi layi. Matar da a da take da yara biyu masu jiran shago, ita ce take ƙirga sulalla.

Tukunyar ma ba tata ba ce. Hajiyar da ke ɗakin kusa da nata ce ta ara mata, ta kuma ba ta buhun gero na farko bashi. Da na je yi mata godiya ta ce, "Haba yaro, daren da jikana ya yi ta suma, wa ya goya shi zuwa asibiti? Goggonka ce. Mu nan zaman amana muke yi."

Ranar Lahadi muka je sujada. Da Twi aka yi wa'azi, Goggo tana fassara mini a kunne. Lokacin baiko shi ne ya fi burge ni, domin bisa ranar haihuwa ake fita: a kira 'yan Lahadi, su taso da rawa suna kaɗa fararen hankici, su saka nasu, a kira 'yan Litinin, haka har Asabar, a ƙarshe a faɗi ranar da ta yi zarra. Goggo haihuwar Talata ce, shi ya sa 'yan zumuntar mata suke ce mata Abena. Ta yi rawa har ɗankwalinta ya zame. Na ce a raina, rawa a cikin taro ai kowa ya iya, ganga ce take ɗaukar mutum.

Bayan an tashi ta ja ni Adum, ta nuna mini majami'ar Presbiteriyan mai sunan Ramseyer. Shi Fritz Ramseyer mai bishara ne daga Suwizalan, ɗan mishan ɗin Basel. Mayaƙan Asante suka kama shi da matarsa a Anum a 1869, jaririnsu ya mutu a hanya, suka zauna tsare a Kumasi har 1874. A 1896 ya dawo garin da aka tsare shi ya kafa ikilisiya. Goggo ta san labarin sarai. Ta ce abin da yake ba ta mamaki ba tsarewar ba ce, dawowar ce.

Daga nan muka gangara inda shagonta yake a da. A nan ne fara'ar ta ɗauke. Ta tsaya ta yi kuka, kuka na gaske, har wata mai sayar da lemo ta miƙo mata kujera. Da ta share hawaye na ce, "Goggo, ga shi abin yana cin ki, me ya sa kike ɓoyewa da waƙa?"

Ta ce ba ɓoyewa take ba. "Ɗana, kuka daban, farin ciki daban, kuma suna kwana ɗaki ɗaya. Atamfa ta ƙone, mijina ya tafi, amma wanda ya fanshe ni bai ƙone ba." Ta tuna mini cewa Manzo Bulus yana kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa su yi farin ciki da Ubangiji kullum, har ya maimaita. Ta ce wata uku bayan gobarar ba ta iya addu'a ba, sai dai ta buɗe ƙarshen littafin Habakuk, inda annabin ya ce ko ɓaure bai yi toho ba, ko garke ya zama wayam, shi zai yi murna da Allah mai cetonsa. Ta yi ta karantawa ba ta jin komai, har wata asuba ta ji bakinta ya kama waƙa da kansa. A ranar ne ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar Hajiya ta roƙi aron tukunya.

Maganar komawa gida kuwa ba ta yi nisa ba. Ta ce kabarin mijinta yana nan, 'yan zumunta suna nan, ga kuma bashin gero da saura kaɗan ta gama biya. Ranar da zan tafi muka shiga kasuwar Kejetia, ta zaɓi farin goro manya, aka naɗe a ganye aka ɗaure. Ta ce in kai wa Baba, in gaya masa ya daina sa ta cikin jerin marasa lafiya a addu'ar safe, in kuma yana son taimaka mata, ya aiko da daddawa da kuka, domin na nan ba su kai na Zariya ba.