Agogon da ya bi gabas ya yi latti

Duk shekarar da na zo koyar da ƙa'idar da Einstein ya fitar a 1905, cewa agogon da ke gudu yana tafiya a hankali fiye da wanda aka bari a zaune, sai an samu ɗalibin da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai girgizar tafiya ce ta lalata agogon." Ina son wannan gardama ƙwarai, domin amsarta ta fi lissafin da ke kan allo daɗi.

A watan Oktoban 1971, masana kimiyya Joseph Hafele da Richard Keating suka hau jirgin fasinja da agogunan atom guda huɗu masu aiki da sinadarin siziyom, har kujera aka saya wa agogunan. Suka zagaye duniya ta gabas, suka sake zagayewa ta yamma, suka gwada da agogunan da ke cibiyar binciken taurari ta sojan ruwan Amurka a Washington. A tafiyar gabas agogunan sun yi baya da kusan nanosakan 59. A ta yamma sun yi gaba da kusan 273. Nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan.

To da girgiza ce, me ya haɗa ta da gabas ko yamma? Agogunan dai su ne, jirgi kuma jirgi ne. Abin da ya faru shi ne ƙasa da kanta tana juyawa zuwa gabas, saboda haka agogon Washington ma ba a tsaye yake ba. Jirgin da ya bi gabas ya ƙara gudunsa a kan na ƙasa, lokacinsa ya ragu. Na yamma ya rage gudun. Sannan ga tsawo: can sama ƙarfin da ƙasa ke jan abubuwa da shi ya fi rauni, agogo na ɗan ƙara sauri, wannan kuma ya shafi tafiyoyin biyu. Su kansu matafiyan ba su ji komai ba, domin bugun zuciyarsu da agogon lokaci ɗaya suke bi. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

Taurarin ɗan'adam na GPS da wayarka ke dogara da su ma haka ne. Gudu yana rage musu kusan maikurosakan 7 a rana (maikurosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan), tsawo yana ƙara musu 45, saura 38. Da an ƙyale, taswira za ta riƙa kaucewa da kusan kilomita 10 kullum, shi ya sa ake rage saurin agogunansu tun kafin a harba su.