Yadda Muka Sake Gina Matsayar Kwale-kwale Bayan Guguwar Michael

Mahaukaciyar guguwar Michael ta afka wa gaɓar jihar Florida ta Amurka ranar 10 ga Oktoba, 2018, teku kuma ta tumbatsa har kusan ƙafa 14 a garin Mexico Beach. Da muka zagaya ƙaramar matsayar kwale-kwalen da aka ba mu aikin gyarawa a yankin, sai muka tarar yawancin ɓarnar ta ruwa ce, iska kaɗan ta yi.

Daben katakon, igiyar ruwa ce ta riƙa dukansa daga ƙasa. Inda aka ɗaure shi tamau, da ya tashi sai ya fizge gungumen da ke ɗauke da shi, har ya karya kan turke. Don haka muka bi dabarar gadar masunta ta garin Navarre da ke gaɓar Florida, wadda aka sake buɗewa a 2010: turaku da gungume na kankare, dabe kuwa falle-falle, ba a ɗaure shi da ƙarfi. Ruwa ya taso, fallen ya fice, ƙashin ginin ya tsira. Sayen sabon falle ya fi sake kafa turke sauƙi nesa ba kusa ba.

Dabe mai shawagi kuwa bai karye ba sam. Ruwa ne ya ɗaga shi har zoben da ke riƙe shi a jikin turke ya zare ta sama, ya tafi da kwale-kwalen da ke ɗaure. Yanzu tsayin turke sai mun haɗa cikar teku, tumbatsar guguwa da tsayin igiya, sannan mu ƙara rara.

Bangon gaɓa ne ya fi ba mu wahala, kuma nan aka fi yin kuskure. Ta wajen teku ya faɗi, domin da ruwa ya janye, ƙasar bayansa ta jiƙe sharkaf, ta tura shi. Mun huda ramukan tsiyaya, muka zuba tsakuwa a baya da shimfiɗa mai tace yashi, muka jibge manyan duwatsu a gindi saboda zaizaya.

Duk ƙusa da noti mun koma baƙin ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316. Rodi kuma sai kankare ya rufe shi da inci 3, in ba haka ba gishiri ya kai gare shi, ya kumbura, ya tsaga ginshiƙin daga ciki. Akwatin wutar lantarki mun ɗaga shi sama da inda ruwan 2018 ya bar shaidar laka a bango.