Maki kaɗai ba ya nuna ingancin kundi

Idan jami'a na son sanin ingancin kundayen digirin digirgir da ɗalibanta ke rubutawa, lambobi take fara dubawa: makin da masu duba kundi suka bayar, shekarun da ɗalibi ya kwashe kafin ya kare aikinsa, da kason kwafe da manhajar Turnitin ta nuna. Ni ma ina duba su, amma ba su ishe ni ba.

An taɓa turo mini wani kundi daga wata jami'a a kan mata 'yan kasuwa na zangunan Kumasi. Lissafinsa tsaf, kwafe babu. Sai a babi na uku na ga da Turanci aka raba takardar tambayoyi a Aboabo da Asawase. A Aboabo na tashi, na san iyayen nan namu da Hausa da Twi suke cinikinsu. To wa ya cike musu? Kundin bai faɗa ba, kuma takardar maki ba ta da gurbin da zai kama wannan. Abin ya dame ni, domin da sunan iyayenmu ake kafa hujja.

Shi ya sa nake goyon bayan a haɗa ƙidaya da hira. Akwai tsarin da masana hanyoyin bincike Creswell da Plano Clark suka bayyana: a fara da alƙaluma, sannan a bi da hira don a gane dalilinsu. A tara makin kundaye, a auna yadda mai duba na cikin gida da na waje suke dacewa. Inda suka saɓa, a ɗauko rahotanninsu a karanta layi-layi, a zauna da su a ji ta bakinsu. A 2002 masu bincike Mullins da Kiley sun yi hira da gogaggun masu duba kundi 30 a Ostareliya, suka gano cewa babobin farko suna tasiri ƙwarai a kan hukuncinsu, kuma sakaci a ƙananan abubuwa yana sa su zargi sauran aikin. Maki ba zai taɓa faɗin haka ba.

Hira kaɗai ma tana da rauni, domin malami kan kare ɗalibinsa. Alƙaluma ne ke tsare ta. Fatana hukumar GTEC, wadda ke kula da manyan makarantun Gana tun 2020, ta nemi irin wannan bita daga jami'o'i, kuma duk kundin da ya shafi zango a samu mai jin harshen mutanen cikin masu duba shi.