Mako na shida: makina ya daina tsalle-tsalle

'Yan'uwa masu koyo, yau makona shida da fara buga ches a Lichess, manhajar buga ches ta intanet da ke ba kowane ɗan wasa maki gwargwadon ƙarfinsa. Alamar tambayar nan da ke manne a gefen makina ta ɓace tuni. Da ina zaton ado ce, ashe manhajar ce ke cewa ba ta gama sanina ba. Kowa da 1500 yake farawa, kuma a wasannina na farko faɗuwa ɗaya takan zaftare mini maki fiye da ɗari. Yanzu ko na ci ko an ci ni, bai wuce shida ko bakwai ke motsawa ba.

A makon nan na zauna na bi lissafin. Asalinsa na Arpad Elo ne, malamin kimiyyar fiziks a Amurka, wanda hukumar ches ta duniya, FIDE, ta karɓi tsarinsa a 1970. Makin nan hasashe ne. Idan wani ya fi ka da 200, ana sa ran zai kwashe kusan kashi 76 cikin ɗari na sakamakon karawarku, idan da 400 ne kuwa kusan kashi 91. Bayan wasa sai a gwada abin da ya faru da abin da aka zata. A ce ma'aunin canjin, wanda ake kira K, 20 ne. Ka doke wanda ya fi ka da 200, ka samu wajen 15. Shi ya doke ka, 5 kawai za ka rasa, tunda dama haka aka zata.

Lichess kuwa da Glicko-2 take aiki, tsarin Mark Glickman. Shi ya ƙara awon shakka: yaya tabbacin manhaja yake a kan makinka? Shakkar na raguwa idan kana bugawa a kai a kai, tana ƙaruwa idan ka daɗe ba ka leƙo ba. Ita ce alamar tambayar tawa.

Wasannin ƙungiya sun fi wuyar awo, don nasara ta mutane da yawa ce a haɗe. Microsoft ta fito da tsarin TrueSkill don irin wannan, manhajar wasan ƙungiya ta League of Legends kuma tana ɓoye ainihin makin da take haɗa 'yan wasa da shi, ta nuna maka matsayi daban. Ni dai ban son ɓoye-ɓoyen nan.

Ranar Talata na ci biyar a jere, har na fara hura hanci, sai aka lallasa ni huɗu. Na so in ce an shirya mini gadar zare. Da na duba, duk huɗun sun fi waɗanda na doke maki. Na hau, aka haɗa ni da na sama, kuma muddin ana haɗa mutum da tsararsa, kusan rabin wasanninsa zai ci.

Uku daga cikin huɗun nan doki ne ya kai wa sarki da sarauniyata hari lokaci guda. A kansa zan yi atisaye mako mai zuwa, minti ashirin kullum kafin in shiga wasan maki.