Sana'ar Sa wa Masu Ilimi Magana a Baki

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a Titin Gidan Zoo, inda masu harkar fim suka fi yawa a Kano. Aikinmu gyaran zance ne. Furodusa ya kawo labarin fim mai dogon zango, ko marubuciya ta kawo littafinta, mu zauna mu daidaita abin da zai fito daga bakin kowa. Na fim kan kowane kashi ake yanka kuɗinsa, na littafi kuma kan yawan shafi.

Zancen 'yan kasuwa da direbobin adaidaita sahu da kishiyoyi ba ya ba mu wahala, a cikinsa muka tashi. Inda gumi ke fita shi ne idan labari ya biyo ta kan mai ilimi: alƙali, likita, farfesa ko malamin zaure.

Yawancin rubutun da ake kawo mana hanya ɗaya yake bi. Da an ce mutum ya yi karatu, sai a cika masa baki da Turanci, a ɗora masa tabarau, shi ke nan. Wannan yana damuna ƙwarai, domin raina masu ilimin ne, kuma raina Hausar ne. Duk wanda ya taɓa sauraron lacca a Jami'ar Bayero ya san ba a nan ake gane masani ba. Ana gane shi ne ta yadda yake jera magana: ya fara da asalin abu, ya kawo hujja, ya faɗi abin da masu saɓa masa suka ce, sannan ya tsaya a inda iliminsa ya tsaya. Ba ya saurin rantsuwa. Ba ya cewa "kowa ya sani".

Kuma ilimi a garin nan ba iri ɗaya ba ne. Malamin da ya karantar da Ishmawi da Risala shekara da shekaru, Hausarsa ta sha Larabci, yana yanka jimla gunduwa-gunduwa irin ta mai fassara a zaure, ya rufe da "Wallahu a'alamu". Ana ce masa "Allah gafarta Malam", ba "Yallaɓai" ba, kuma idan aka musanya su mai kallo zai ji a jikinsa. Likitan Asibitin Malam Aminu Kano kuwa taƙaita magana yake yi, yana tauna kalma kafin ya faɗa wa dangin majinyaci.

Lauya ya fi kowa ba mu aiki. A Babbar Kotu da Turanci ake shari'a, sai tafinta ya juya, don haka babu Hausar lauya da za mu ɗauko kai tsaye. Nakan tura yaran ofis kotun shari'ar Musulunci ta Ƙofar Kudu su zauna su saurara, tunda can da Hausa ake yi. Sauran muna tsintowa daga labaran rediyo: mai gabatar da ƙara, wanda ake tuhuma, ɗage zama, bayar da beli.

Abin da na fi tsayawa a kai shi ne kada a bar mutumin da murya ɗaya. Farfesan da ya gama jawabi a zauren taro, in ya shiga gida ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, "Hajiya, barka da hutawa" zai ce, ta kira shi da sunan da ta sa masa tun yana yaro, ya amsa da "Na'am". In ba a rubuta wannan fitowar ba, mai kallo ba zai yarda mutum ne ba.

Kafin aiki ya fita, ɗayanmu yakan tashi tsaye ya karanta kowace jimla da ƙarfi. Wadda ta fi ƙarfin numfashi ɗaya sai mu raba ta biyu, domin a takarda doguwar jimla tana da kyau, amma a gaban kyamara jarumi ne zai yi ta tuntuɓe, darakta yana ta maimaita ɗauka. Shi ya sa muke roƙon furodusoshi su miƙa wa mai fitowa a alƙali ko malami takardarsa tun kafin ranar ɗauka, ba a lokeshan ba.